Kawuna tsohon DJ zai sayar da sifikunsa ya zuba a kamfanin riba, ta ina zan tare shi?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a shawara na zo nema, kuma don Allah wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe, domin da "ka hana shi" tana magani da ban zo nan ba.

Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata ciki ɗaya. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu ina aji uku a firamare, da kuɗin kiɗa ya yi min makaranta har na gama difloma. DJ ne, tsohon hannu. A 1988 ya fara, yana yaron wani mai gidan rawa a Sabon Gari, aikinsa goge faifan garmaho da tsumma ya miƙa wa maigida. Daga nan ya hau tebur da kansa. Ya yi zamanin faifai, ya yi na kaset, ya yi na CD. Da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 harkar gidajen rawa ta ja baya, shi ma lokacin ya yi aure, sai ya tattara ya dawo cikin gari ya koma hidimar biki: kamu, yini, dina. Daga Gwammaja zuwa Kurna, Fagge, Dala har Goron Dutse, akwai shekarun da in ba ka kama shi wata biyu kafin biki ba, to ka nemi wani.

Ina ɗan shekara 14 na fara bin sa ɗaukar kaya. Sifiku huɗu ne manya, da amfilifaya biyu, da mikisa Pioneer da ya saya na hannu, da janareta. Amma abin da ya fi ji da shi littattafansa ne guda uku, masu bangon kwali irin rajistar makaranta. Duk bikin da ya yi yana ciki: sunan uwar amarya, unguwa, lambar waya, da waƙar da amarya ta ce a sa mata in za ta shigo. Akwai gidan da ya yi bikin uwa, bayan shekara 22 ya zo ya yi na 'yarta, ya buɗe littafi ya sa wa uwar waƙarta ta wancan lokacin. Ina wurin, matar nan kuka ta yi.

To kasuwa ta juya. Korona ta zo a 2020 aka kulle gari, ya yi watanni bai kunna sifika ba. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, liƙi ya mutu, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san a liƙi riba take, kuɗin jinga na mota ne da mai da yara. Aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, janareta ya koma cinye rabin jinga. Ga ɗakunan taro yanzu kowanne da kayan sautinsa. Ga yara masu laftof ɗaya da filashi, suna karɓar rabin kuɗinsa.

Duk wannan ya jure. Abin da ya karya shi ba'a ce. A majalisa yara sun sa masa suna "DJ Garmaho". In ya wuce sai ka ji ana "Baba a juya kaset". Wata dina a wajen Zoo Road, amarya ta nemi wata sabuwar waƙa, ya sauke tabarau kan hanci yana neman ta a laftof da yatsa ɗaya, wuri ya yi tsit kamar na minti ɗaya. Wani yaro ya ɗauke shi a waya ya sa a TikTok, ya ɗora masa sautin minshari. Jikarsa ce ta nuna masa, ita a ganinta abin dariya ne. Bai ce komai ba. Amma daren nan tuwonsa a rufe ya kwana, kuma tun daga ranar in an kira shi aiki sai ya tambaya ko samari za su yi yawa.

Ana cikin haka sai ga wani matashi, farar shadda, mota mai sanyi, ya zo har shago ya durƙusa ya gaishe shi. Wai kamfaninsu na saye da sayar da zinare da hatsi da kuɗin intanet, na'ura ce ke musu cinikin, kuma duk wanda ya zuba kuɗi yana karɓar kashi 30 cikin 100 duk wata. Ya ce taro za su yi a wani otal suna son kayan sauti, kuma ba sa son yara, da tsohuwar zuma ake magani. Ya biya jinga cif tun kafin ranar, bai rage ko sisi ba. A wurin taron suka kira Kawu gaban jama'a, suka ce "Babanmu jagora", suka ba shi allon girmamawa da hula. Na ga fuskarsa ranar. Rabon da in ga ya yi irin wannan fara'ar tun kafin korona.

Ya zuba naira 200,000. Wata ya cika aka turo masa 60,000. Wata na biyu ma haka. Yanzu ya yi ciniki da wani a kasuwar Sabon Gari zai sayi kayan gaba ɗaya a kan miliyan 2, ya ce in ya zuba, dubu 600 duk wata ta ishe shi ya zauna a gida da mutuncinsa, ba yaron da zai sake ɗaukarsa a waya. Abin da ya fi tayar min da hankali, sun ce duk wanda ya kawo yana da kashi 10 na abin da mutumin ya zuba, kuma shekaranjiya na same shi da littattafan nan a buɗe yana kwafe lambobi. Har sanarwa ya naɗa musu da muryarsa suna turawa a WhatsApp.

Na yi masa magana a hankali bayan sallar isha. Ya dube ni ya ce, "Kai ma ka bi sahun yaran nan? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Ban iya ƙara ko kalma ba. Mutumin da ya sayar da babur ɗinsa ya biya min kuɗin jarrabawa, ta yaya zan ce masa ana yaudararka?

Masu ilimin abin, ku taimaka min da hujjar da zan kai masa, da kuma hanyar da zan bi ba tare da na ƙara masa ciwon da yake ciki ba.

Tsohon Akawu ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka damu da wanda ya riƙe ka.

Na yi shekara 31 a aikin banki kafin in yi ritaya, kuma abin da zan fara ba ka lissafi ne, domin lissafi ba ya zagin kowa. Ka samu takarda ku zauna da shi. Naira miliyan 2 a kan kashi 30 duk wata, in ba a taɓa ribar ba ana mayar da ita ciki, a wata 12 za ta haura miliyan 46. A wata 24 ta haura biliyan 1. Sai ka tambaye shi, cikin ladabi: Kawu, a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, wane attajiri ka sani da kuɗinsa ke ninkuwa sau 23 a shekara? In da akwai cinikin da ke yin haka, mai shi zai je shago yana durƙusa wa mai dubu 200? Banki zai je ya ci bashi, ya biya ruwansa, ya riƙe sauran shi kaɗai. Don kwatance, sukuk (takardun zuba jari na tsarin Musulunci) na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 don gyaran hanyoyi, abin da yake biya kashi 16 ne da ɗoriya a SHEKARA.

Dubu 60 da aka turo masa sau biyu ba riba ba ce. Daga cikin dubu 200 ɗinsa aka ɗebo, ko daga kuɗin wanda ya shiga bayansa. Yanzu haka dubu 80 ɗinsa na hannunsu, kuma sun sayi amincewarsa da kuɗinsa. Haka abin yake tafiya: na baya ke biyan na gaba, ranar da masu shiga suka ragu sai a rufe ƙofa. Shi ya sa suke ba da kashi 10 ga mai kawo mutum. Ba sa rayuwa sai da sabon jini.

Ba sabon abu ba ne. Wanda ake kiran dabarar da sunansa, Charles Ponzi, a 1920 ya yi tasa a Boston ta Amurka, yana alkawarin kashi 50 a kwana 45. Mu nan mun ga MMM na Sergei Mavrodi ɗan Rasha, shi ma kashi 30 a wata yake cewa, daidai da na kawunka. A Disambar 2016 suka daskarar da asusun mutane suka ce na wata ɗaya ne. Mavrodi ya mutu a 2018, kuɗin jama'a bai dawo ba. Kwanan nan CBEX, masu cewa kuɗinka zai ninku a kwana 30, suka rufe a Afrilun 2025, har mutane suka fasa ofishinsu a Ibadan suna kwasar kujeru. Kowanne a cikinsu ya biya na farko-farko a kan lokaci.

Za su nuna muku takardar CAC a cikin firam a bango. Wannan rajistar suna ce kawai, mai shagon ɗinki ma yana iya yi. Wasu har takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, suke nunawa su ce EFCC ta san da su, ita ma ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Hukumar da ke ba da wannan izinin SEC ce, kuma sunayen waɗanda ta yi wa rajista suna shafinta na intanet, kai ma za ka iya dubawa a wayarka yau.

Sai abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi hatsari gare shi. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ba ta tsaya kan masu kamfanin ba, ta haɗa da masu tallata shi: tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun. Muryarsa tana yawo a WhatsApp. Ranar da abin ya fashe, mai farar shadda ba wanda ya san gidansu. Shagon kawunka kuwa kowa ya sani.

Yaron Sheka ya rubuta:

Yaya Ɗan Gwammaja, ni DJ ne, shekarata shida a harkar, kuma tun daga bayaninka na gane Baban da kake nufi, ba sai ka faɗi suna ba. Ba ni na ɗauki bidiyon ba, amma na yi dariya kuma na tura wa wasu. Yau da na karanta maganar tuwon nan jikina ya yi sanyi.

Gaskiya muna tsokanar tsofaffin nan sosai. Muna cewa in ka ba su filashi sai su nemi gefen A da gefen B. Muna cewa mikisarsu ta girmi amarya da ango in an haɗa shekarunsu. Akwai wani a cikinsu da har yau in zai canja waƙa sai ya kashe sauti ya ɗauki makirufo ya yi gaisuwar minti uku, ya gaida uwar amarya, ya gaida ƙanwar uwar amarya, ya gaida mai dafa abinci, mu kuma a baya muna ƙirga masa. Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ne masu laifi. Da yawanmu mun yi yaron gida a wurinsu, ka ɗauki sifika daga Sheka zuwa Hotoro, a tashi ƙarfe ɗaya na dare, a ba ka kuɗin da ko adaidaita sahu ba zai kai ka gida ba, in ka taɓa mikisa a buge maka hannu. Wasu ba'ar tasu ramuwa ce. Ban ce daidai ba ne, amma daga nan ta samo asali.

Sai dai abin da ba ma faɗa a gabansu: ba mu da kaya. Ni laftof gare ni da ƙaramar mikisa. In aka ba ni aikin fili, kamu a ƙofar gida ko taron makaranta, haya nake zuwa nema, kuma sifikun yanzu na roba in ka matsa musu awa biyu sai su fara tari. Akwatunan Baba na katako ne, na taɓa tsayawa kusa da su a wani biki a Kurna, ƙasan sautin har a ƙirji kake jin sa, kuma ba ya fashewa. Wanda ya taya su miliyan 2 ya san abin da ya gani, haya zai riƙa ba mu.

Don haka ga tawa shawarar. Kada ka je masa da maganar kamfani kawai, ka je masa da aiki. Ina da kamu ranar Asabar ta sama, zan ɗauki sifiku biyu da amfilifaya haya, in biya kafin a ɗora a mota. Akwai yara uku da na san za su bi bayana. Kuma ina so ya zo da kansa ya saita min, don wallahi ban iya raba sauti a fili yadda yake yi ba, kullum sai makirufo ya yi min kuka. In ya yarda zan zo shago in gaishe shi in ba shi haƙuri a kan bidiyon, a gaban 'yan majalisar da ke kiransa Garmaho. Ka turo min saƙo ta ciki.

Maman Ilham ta rubuta:

Ɗana, ni ta wajen littattafan nan zan yi magana, don nan ne wutar take.

Shekara huɗu da suka wuce ni ce uwar adashi a layinmu a Rijiyar Lemo, mata 20, dubu 10 duk mako. Wata baiwar Allah da muke zuwa Islamiyya tare, mace mai kamun kai wadda ko ƙwayar shinkafar wani ba ta taɓa ci ba, ta kawo min labarin wani kamfani irin wannan. Ita ma ba cuta ta yi niyya ba, an biya ta sau uku, ta nuna min a wayarta. Ban san kamfanin ba, ban taɓa taka ofishinsu ba. Ita na sani. Na ɗauki kwasar mutum biyu, dubu 400, na ce kafin ranarsu ta zo na juya na mayar. A mako na biyar manhajar ta daina buɗewa. Aka ce gyara ake yi. Daga baya aka ce kowa ya ƙara dubu 20 a tantance shi kafin a sake masa kuɗinsa, wasu har suka ƙara.

Ɗan kunnena da sarƙar da mahaifiyata ta bar min na kai kasuwar Rimi na sayar na biya matan nan. Kuɗi sun biyu, amma adashin ya watse, har yau ba wadda ta sake ba ni ajiyar ko naira ɗari. Ita kuwa wadda ta kawo ni, mutum 30 da wani abu ta kawo. Mata suka yi mata zaman dirshan a tsakar gida, aka kai ta wajen mai unguwa, aka kai ta ofishin 'yan sanda, mijinta ya sayar da fili. Ƙarshe tashi suka yi daga unguwar da dare.

Kawunka ba kuɗinsa suke so ba, miliyan 2 me ce a wurinsu? Littafin suke so. Matan da ke cikinsa sun ba shi amanar ranar auren 'ya'yansu, ya shiga gidajensu, ya ci abincinsu. In ya kira Hajiya ya ce ga alheri, ba za ta tambayi SEC ba, za ta ce ai wane ba zai cuce ni ba. Shekara 30 ya yi yana tara wannan, su kuma da hula ɗaya da allon katako suke so su saye.

Kai ɗa ne, ba za ka iya faɗa masa wannan ba. Mahaifiyarka tana raye? In tana nan, yayarsa ce, ita za ta iya. Ka kai mata maganar, ka bar su su biyu a ɗaki. Kuma kada a ce masa an yaudare ka, namiji mai shekarunsa zai gwammace ya yi asara da ya amsa wannan a gaban yaro. A ce masa ya gwada su: ya je ya ce yana son uwar kuɗinsa dubu 200 yau, buƙata ta taso. Amsar da za su ba shi ta fi duk abin da za mu rubuta a nan.

Abba Na Hotoro ya rubuta:

Ni dai ina ganin ana yi wa abin kuɗin goro. Ba duka ne na ƙarya ba. Na taɓa shiga wani na zuba dubu 50, na fita da 110 kafin ya rufe. Sirrin shi ne ka shiga da wuri ka fita da wuri. Mai nema yana tare da samu, kuma a ƙasar nan in ka tsaya tsoro yunwa ce za ta kashe ka. Ku bar dattijo ya gwada sa'arsa, amma kada ya zuba duka.

Malam Na Ƙofar Mata ya rubuta:

Malam Abba, ka ce ka fita da 110 kafin ya rufe. Dubu 60 da ta hau kai, daga aljihun wa ta fito? Ba a sayi komai ba, ba a sayar da komai ba. Kuɗin wanda ya shiga bayanka ne, wataƙila irin su Maman Ilham. Ina ba ka shawara tsakanina da kai da Allah ka nemi yadda za ka fitar da ita daga dukiyarka.

Ɗan Gwammaja, na san irin waɗannan kamfanonin in sun zo Kano sukan ce ai mudaraba ce, halal ce, har su buɗe taro da addu'a. To mudaraba tana da sharaɗi sananne a fiƙihu: mai dukiya da mai juyawa suna raba RIBAR da aka samu ne a kan kason da suka yarda, rabi da rabi ko sulusi, in kuma an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, asarar dukiya tana kan mai dukiya. Da zarar an ce uwar kuɗinka tana nan daram, kuma ga adadi yankakke duk wata ko an ci ko an faɗi, ta tashi daga mudaraba ta koma bashin da ya jawo amfani. Kawunka mutum ne mai zuwa masallaci tunda ka ce bayan isha kuka yi magana. Ya tambayi limaminsu wannan mas'alar, ba sai ya ambaci kansa ba.

Ina kuma yaba wa yaron nan na Sheka. Yaro, ka cika alkawarin zuwa shagon.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Akawu, na duba shafin SEC kamar yadda ka ce, na juya sunan ta kowace fuska, babu shi.

Mama, na bi shawararki. Ranar Talata na je na faɗa wa Hajiyarmu komai, har maganar bidiyon, wadda ashe ba ta sani ba. Ta aika aka kira shi. Sun fi awa ɗaya a ɗaki, ni ina zaure. Ban ji abin da suka ce ba, sai dai da ya fito idonsa ja, ya ce min gobe in shirya in raka shi.

Muka je ofishin ranar Laraba, hawa na biyu a wani bene. Suka tarbe shi da "Babanmu jagora", aka kawo lemo mai sanyi. Ya ce yayarsa ba ta da lafiya, yana son dubu 200 ɗinsa. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce uwar kuɗi ba ta fita sai ta yi kwana 180. Kawu ya ce ranar taro da makirufonsa aka sanar cewa duk ranar da mutum ya so zai ɗauki kuɗinsa, shi ya riƙe wa mai maganar wayar makirufon ma. Sai aka kira mai farar shadda. Ya zo da fara'a ya ce tsari ne ya canja daga sama, amma saboda girman Baba, in ya kawo miliyan 2 ɗin nan kafin Juma'a za a ɗaga shi zuwa babban mataki, a nan ana cire kuɗi kowane lokaci. Ya ƙara da tambayar ina aka kwana a maganar lambobin Hajiyoyi.

Kawu bai taɓa lemon ba. Ya miƙe ya ce zai yi shawara. A adaidaita sahu har muka wuce Fagge bai yi magana ba, sai can ya ce, "Wanda na ce wa yayata ba lafiya, ko sannu bai ce ba."

Bai ce ya fasa ba, kuma ban matsa ba. Amma jiya ya kira mai sayen kayan ya ce a dakata, littattafan kuma sun koma cikin akwatin kaset ya sa kwaɗo. Hular tana rataye a shago har yanzu. Yaron Sheka ya zo da yamma kamar yadda ya ce, ya durƙusa a gaban majalisa ya ba da haƙuri. Kawu ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye shi faɗin filin da za a yi kamun da ko akwai bango a bayan amarya. Da yaron ya ce akwai, sai ya ce to sifika ba a nan ake kafa ta ba, shi ya sa makirufonka ke kuka. Sun yi kusan awa suna zane a ƙasa da tsinke.

Saura matsala ɗaya, ita ce ta hana ni barci. Daren jiya ya faɗa min cewa tun kafin in gan shi da littafin ya riga ya kira mata biyu. Ɗaya ta zuba dubu 150, ɗayar dubu 500, kuɗin kayan ɗakin 'yarta da za a yi bikin bayan sallah. Kashi 10 ɗinsa, dubu 65, yana nan a asusunsa bai taɓa ba. Ya ce shi zai je gidajensu da ƙafarsa, ba ta waya ba, amma bai san da wace kalma zai fara ba. Baba Akawu, in za a kai ƙorafi SEC ko EFCC, shi ya kamata ya fara zuwa da kansa tunda muryarsa ce a sanarwar, ko matan? Kuma Mama, ke da aka taɓa zuwar miki da irin wannan labarin, me kika so a ce miki ranar? Da Hajiyarmu za mu je gidan mai dubu 500 ɗin, gobe bayan la'asar.